Kunnen Kakana

Tun kafin ladanin Dinsho ya gyara murya
kakana Kadiro ya ɗaura wa doki sirdi,
ya cika aljihu da soyayyen sha'ir,
ya ce, "Zeituna, ɗauko madubin nesa,
wannan mai tsagaggen ido ɗaya."

Baƙi uku ne yau:
likitan haƙori daga Adama, da matarsa,
da wata doguwar tsohuwa daga ƙasar ƙanƙara
mai ɗan littafi da fensir ɗaure da zare.
Sunayen tsuntsaye sun cika shafi bakwai,
kowanne da alama a gefensa,
ban da ɗaya.

Muka hau.
Itatuwa suka gaji, suka tsaya a baya,
sai ciyayi masu furfura
da sanyin da ke cizon kunne ba sallama.
A tudun Sanetti numfashi tsada gare shi.
Sau huɗu likita ya zauna,
wai igiyar takalmi ce ta kwance.

Kakana ba ya duban sama.
Shekara shida ke nan yana ta cinye masa nesa.
Yakan karkata kai kamar mai satar jin gulma,
ya ɗaga yatsa:
"Dinya biyu a bakin tafki, masu shuɗin fiffike.
Bayan wancan dutsen fakara na tara 'ya'yanta.
Mai muryar tsohon ƙyaure kuwa, jinjimi ne."
Ni in bi yatsan da ido
in ce, "Ga su can."
Shi ne kunne, ni ce ido,
ladan jagora kuwa aljihu ɗaya.

Da hantsi ungulu mai gemu ta suri ƙashin tunkiya,
ta yi sama har ta koma ɗigon tawada,
ta sake shi.
Ƙwas! a kan fa.
Matar likita ta dafe ƙirji.
Kakana ya ce, "Ɓargo take so, ba ta da guduma,
sai ta ari dutse."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba.
Ta nuna mini layin da babu alama:
ɗan tsuntsu ruwan ƙasa,
bai cika tafin jariri ba.
Rubutun shafin ba hannunta ba ne,
na lura, ban tambaya ba.

La'asar sakaliya muka gangaro bakin Harenna,
inda gajimare ke kwana cikin rassa
kuma gansakuka ta yi wa kowane itace bargo.
A nan na ji shi.
'Yar murya siririya, kamar zare a bakin allura.

Na dubi kakana.
Kansa bai karkata ba.
Yatsan na cikin aljihu, yana laluben sha'ir.
Tsuntsun ya sake, kusa ƙwarai,
har doki ya motsa kunne.
Kakana yana tauna.

Wani abu ya tsaya mini a wuya.
Na matsa kamar mai gyara linzami,
na ja hannun rigarsa sau biyu, ta hagu.
Ya daina tauna.
A hankali yatsan ya fito, ya tashi, ya nufi hagu:
"Ga baƙonki nan, a reshe na uku."

Na saita mata madubin.
Ta daɗe ba ta ƙifta ba.
Da ta zo yin alamar, bakin fensir ya karye,
sai ta danna farce a takardar
ta rufe littafin.

A hanyar gida yana bisa doki, ina jan akala,
duhu na hawowa daga kwari.
Ba wanda ya ce uffan
sai da fitilun Dinsho suka bayyana.

"Zeituna."
"Na'am."
"Reshe na nawa ne?"
"Na biyu."

Ya yi shiru har muka wuce gada.
Sannan ya ce, "Gobe ki shige gaba.
Dokin nan ya fi jin maganata."